Tamoksifen da Sankarar Nono: Muhimmancin Siffar Magani

A shekarar 1895 wani likitan fiɗa a Gilasgo, mai suna George Beatson, ya cire wa wata mace da sankarar nono ta ci ƙarfinta gidajen ƙwai guda biyu da ke gefen mahaifa, sai ciwon ya lafa. Daga baya aka gane dalili. Gidajen ƙwai su ne ke samar da sinadarin istirojin, kuma wajen kashi biyu cikin uku na sankarar nono da shi take girma. A cikin ƙwayoyin irin wannan sankara akwai wani furotin mai kama da kwaɗo, istirojin shi ne mabuɗinsa. Idan mabuɗin ya shiga, sai ƙwayar ta sami umurnin hayayyafa.

Aikin masu ilmin haɗa magunguna shi ne su ƙera mabuɗin da zai shiga kwaɗon ba tare da ya buɗe shi ba. A 1962 Dora Richardson, ma'aikaciyar kamfanin ICI a Ingila, ta haɗa tamoksifen. Maganin hana ɗaukar ciki ake nema a lokacin, ya kuwa yi aiki ga ɓeraye, amma ga mata sai ya sa ƙwai ya fita. An gwada shi ga masu sankara a asibitin Christie da ke Mancesta, aka buga sakamakon a 1971. Ingila ta amince da shi a 1973, Amurka kuma a 1977.

Asirin maganin yana ga siffarsa. Ginin tamoksifen ya yi kama da na istirojin, shi ya sa yake shiga kwaɗon, sai dai yana da wani reshe da ke leƙowa waje. Reshen nan ke ture wani sashe na furotin ɗin daga mazauninsa, umurnin hayayyafa ya kasa fita. Har ila yau, sinadarin yana da tagwai biyu masu kayan gini iri ɗaya, jerin rassansu kaɗai ya bambanta. Ɗaya yana toshe aikin istirojin, ɗayan kuwa yana kwaikwayonsa, saboda haka wajibi ne a raba su kafin a yi ƙwayar magani. Bayan an sha, hanta ce ke juya shi zuwa endoksifen, wanda ya fi shi kama kwaɗon sau da yawa.

Ga matan da suka daina haila akwai wata hanya. Su istirojinsu daga kitsen jiki yake fitowa, ta hannun wani furotin mai suna aromatas. Anastirozol da letirozol suna da naitirojin da ke manne wa ƙarfen da ke tsakiyar aromatas, watau sun tare ruwan tun daga mafarinsa.

Kowane magani da iyakarsa. Tamoksifen yana toshe istirojin a nono, amma a mahaifa yana yin aikinsa, don haka duk jinin da ya zo ba a kan ƙa'ida ba dole likita ya ji labarinsa. Sa'an nan ba ya amfanar sankarar da ba ta da wannan kwaɗo, shi ya sa ake auna tsokar da aka yanko tukuna. Inda ya dace, shan miligiram 20 kullum har shekara 5 yana rage mace-mace da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wadda ta daina sha don ta ji sauƙi ta rage wa kanta wannan rabo.