Ko Ka San Bindigar da Aka Ce Tana Tsabtace Kanta?

Ko ka san cewa akwai wata bindiga da aka raba wa dubban sojoji a fagen fama, aka bar su da zaton wai ita ke tsabtace kanta, har da yawansu ba a ba su ko tsinken sharewa ba, sai da rayuka suka salwanta sa'an nan hukuma ta farga? Ita ce M16 ta Amurka, wadda injiniya Eugene Stoner ya tsara asalinta a ƙarshen shekarun 1950, aka kuma shiga da ita yaƙin Biyetnam.

Kafin a fahimci musabbabin al'amarin, wajibi ne a san cewa kowace bindiga, komai kyan ƙirarta, tana ƙazanta cikinta duk sa'ad da ta tashi, domin albarushi ba ya ƙonewa ƙurmus, sai ya bar kunkunniya, shi kuma harsashi yakan bar ɓurɓushin tagulla a jikin bututu yayin ficewarsa. A harsasan zamanin da ma, sinadarin da ke kunna wutar yakan bar wani irin gishiri mai jawo laima, wanda mai ba ya narkar da shi, shi ya sa sojojin Ingila suka riƙa ɗura tafasasshen ruwa da mazurari a bututun bindigarsu Lee-Enfield, su busar da shi, kana su shafa mai.

To, hikimar ƙirar M16 ita ce a ɗebi kaɗan daga iskar da albarushi ya haifar, a bi da ita ta wani siririn bututu zuwa tsakiyar bindigar, ta tura ƙarfen da ke fizgo kwanson da aka harba, ya ɗora sabon harsashi. Wannan ya rage mata nauyi ƙwarai, amma illarsa kamar ta murhun da hayaƙinsa ke komawa cikin ɗaki ce. Da albarushin da aka jarraba ta da shi tun farko abin bai tsananta ba, sai ga shi a 1964 hukumar soja ta amince da wani dabam, wanda ya fi barin dauɗa, ya kuma sa bindigar tana aman wuta da sauri fiye da yadda aka tsara ta. Bugu da ƙari ba a dalaye mazaunin harsashi da kurom ba, wato farin ƙarfen nan da tsatsa ba ta kama shi, alhali kuwa dazuzzukan Biyetnam ba sa rabuwa da ruwa da laima. Da tsatsa ta ci wurin ta yi masa ƙananan ramuka, sai kwanso ya maƙale bayan harbi, bindiga ta cije, babu wata dabara illa soja ya zura tsinke ta baki ya bugo shi, ga abokan gaba suna yi masa ruwan wuta. Bayan gumurzun tsaunukan Khe Sanh na Biyetnam a 1967, wani soja ya rubuto gida cewa an tarar da gawarwakin 'yan'uwansa da bindigoginsu a wargaje kusa da su, ajali ya riske su suna ƙoƙarin gyara. A ganina wannan cin amana ne babba, domin yaron da aka tura bakin daga ba shi da ikon zaɓen makaminsa, abin da aka gaya masa shi zai gaskata.

Majalisar dokokin Amurka ta naɗa kwamiti ƙarƙashin ɗan majalisa Richard Ichord, wanda rahotonsa na Oktoban 1967 ya ɗora wa hukumar soja alhakin sakaci mai tsanani. Aka dalaye mazaunin harsashi, aka sauya abin da ke rage gudun ƙarfen da ke fizgo kwanso, aka raba kayan sharewa, a 1968 kuma aka buga ɗan littafi mai zane-zane na Will Eisner don koya wa soja kula da makaminsa, daga baya aka yi wa gindin bindigar aljihun ajiye tsinke da burushi. Ita kuwa bindigar Kalashnikov ta Rasha, duk da shuhurar da ta yi wajen jure laka da ƙura, tun asali maƙeranta sun maƙala mata tsinkenta a ƙarƙashin bututu, suka kuma ɓoye ɗan kurtun kayan gogewa a cikin gindinta.