Ƙaramin rediyo mai agogo: Yadda za ka saita shi ya tashe ka ko da babu wuta a Malali

A unguwar Malali da ke Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, harkoki kan fara tun kafin gari ya waye. Akwai mai son samun jam'in sallar Asuba, akwai malamin makaranta da ma'aikacin gwamnati, akwai uwar da za ta shirya yara, ga kuma matafiyin da zai tsallaka gari zuwa Rigasa don kama jirgin ƙasa na Abuja. Yawancinsu wayar hannu ce ke tashinsu, ita kuwa waya sai da caji. Daren da aka ɗauke wuta tun magariba, ba wuya ta mutu kafin ƙarfe uku, kuma ƙararrawar da aka saita a cikinta ba lallai ta buga ba.

A nan ne ƙaramin rediyo mai agogo da ƙararrawa yake da rana. Batir biyu ko uku sun ishe shi, ba ya cin data, yana tashin mutum kuma ya ba shi labaran safe. Sai dai da yawa kan saya su kawo gida, su kasa saita agogon, su bar shi yana nuna lokacin da ba shi ba.

Darasin da duhu ya koyar

A watan Oktoban 2024, Kaduna da yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda babu lantarki, bayan matsalar da manyan layukan dakon wuta suka samu, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna da aka lalata. Kafin nan, a ƙarshen Satumban 2021, an katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar saboda matsalar tsaro, ba a dawo da su ba sai a ƙarshen Nuwamba. A Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. A duk waɗannan lokuta, wanda yake da rediyo da batir bai rasa jin halin da ake ciki ba.

Kaduna kuwa gari ne na rediyo tun asali. A 1962 gwamnatin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta kafa gidan rediyo da talabijin na BCNN, wanda daga baya ɓangarensa na rediyo ya zama Rediyon Najeriya Kaduna. Yau akwai tashoshi irin su Supreme FM a kan mita 96.1, Karama FM a 92.1, Liberty a 91.7 da Freedom a 92.9, baya ga Nagarta da ke matsakaicin zango.

Kafin ka biya kuɗi

Ko a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko ta Kawo za ka saya, fara da tambayar abin da ke riƙe agogon. Rediyon gefen gado da ke aiki da wutar soket kaɗai bai dace da yanayinmu ba: da zarar an ɗauke wuta lokacin ya goge, in an dawo da ita sai ka tarar yana ƙiftawa a kan 12:00. Nemi wanda agogonsa ke tafiya da batir, ko wanda ake cajinsa kuma yake karɓar batir na yau da kullum.

Ka duba ko yana da zango uku, wato FM, matsakaicin zango da ake rubutawa MW ko AM, da gajeren zango da ake rubutawa SW. Sannan ka sa mai kanti ya saita ƙararrawar a gabanka, ta buga ka ji ƙarfinta. Minti biyu ne kawai, sun fi sake biyan kuɗin Keke Napep don mayar da kaya.

Yadda ake saita agogo da ƙararrawa

A yawancin irin waɗannan rediyo, ana saita lokaci ne rediyon yana kashe. Za ka danne maɓallin da aka rubuta wa TIME ko SET har lambobin su fara ƙiftawa, ka gyara awa, sannan minti. Haka ake yi wa ƙararrawa da maɓallin ALARM, kuma sai ka ga alamarta ta fito a fuskar rediyon kafin ka tabbatar ta kunnu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na AM da PM. A agogo, AM na nufin daga tsakar dare zuwa tsakar rana, PM kuma daga rana zuwa dare. Wanda ya sa 4:30 PM yana nufin sahur, da la'asar za ta buga masa. Ga shi kuma kalmar AM ɗin tana fitowa a matsayin sunan zango, abin da ke ƙara rikita mutane. In rediyon yana da tsarin awa 24, shi ya fi sauƙi: 04:30 asuba ce, 16:30 la'asar.

Sai batun abin da zai tashe ka, ƙara ko tasha. In ka zaɓi tasha, ka tabbatar tana kan aiki a wannan lokacin, domin ba kowace tasha ke kwana tana watsa shiri ba. Kada ka bar sautin a ƙasa, kada kuma ka kwanta da wayar kunne a maƙale, don sautin zai tafi can ne. Ranar tafiya ko jarrabawa, gara ka zaɓi ƙarar.

Masu sauraron tashoshin waje su tuna cewa agogon Najeriya da Nijar yana gaba da agogon GMT da awa ɗaya. Shirin safe na BBC Hausa, sashen da ya fara aiki a 1957, yana zuwa da ƙarfe 5:30 agogon GMT, wato 6:30 a Malali. Lokacin Asuba ma yana matsawa a tsawon shekara, don haka ƙararrawar da aka saita da damina tana bukatar gyara kafin hunturu.

In tasha ta ƙi fita sosai

Doguwar eriyar da ake zarowa ta FM da gajeren zango ce. Matsakaicin zango yana amfani da wata eriya da ke cikin rediyon, shi ya sa juya akwatin kansa ke gyara sautin. A rediyo mai lambobi, ka duba tazarar zangon tana kan 9 kHz, wadda ake amfani da ita a Afirka da Turai. Ta 10 kHz ta ƙasashen nahiyar Amurka ce, kuma za ta riƙa tsallake maka tashoshi.

A gajeren zango, manyan lambobi sun fi kamawa da rana, ƙanana da dare. Ƙugin da ake ji kuwa sau da yawa daga cikin ɗaki yake fitowa: cajar waya, inbata, ko ƙwan lantarki mai arha. Matsar da rediyon kusa da taga, nesa da su.

Kula da batir

Kada a haɗa tsohon batir da sabo. In za a ajiye rediyon na tsawon lokaci, a cire batir ɗin, don in ya tsiyaye ruwansa yana cinye ƙarfen ciki. A wasu rediyon, cire batir yana goge agogo, saboda haka a duba lokacin duk sa'ad da aka canza. Sautin da ya fara shaƙewa ko lambobin da suka dusashe alama ce ta batir ya kusa ƙarewa, kuma ƙararrawa ba ta da tabbas a wannan hali.

Ga gidan da ke da ɗalibi, ko mai fita aiki da sassafe, ko kuma azumi na ƙaratowa, dabarar ita ce a saita waya da rediyo duka biyu, da tazarar minti biyar a tsakani. A gwada ƙararrawar da rana kafin a dogara da ita da dare, a kuma ajiye batir na ko-ta-kwana a inda hannu zai kai gare su cikin duhu.