Koren Ruwa da Maɓarnata a Ramin Kifi na Garka

Zuwa ga iyaye mata da masu faɗakarwa na gari da ƙauye.

Garkar da take da rijiya da ɗan ramin tara ruwa tana iya ba gida kifi, bayan zogale da yakuwa da tumatir da take bayarwa. Wanda ke kusa da tabkin Madarunfa a jihar Maraɗi, ko na Tabalak a jihar Tawa, ko na Gidimuni a jihar Damagaram, ko bakin kogi a Yamai, yana ganin ɗanyen kifi a kasuwa. Amma ganinsa a kasuwa daban, sa shi a kwanon yaro sau biyu ko uku a mako daban. Shi ya sa ake haƙa rami a gefen garka a zuba ƴaƴan karfasa ko tarwaɗa. Abubuwa biyu ne suka fi janyo asara a irin wannan kiwo: ruwan da ya yi kore fiye da kima, da tsuntsaye da dabbobin da ke ɗauke kifin ɗaya bayan ɗaya. Duka biyun ana shawo kansu da kayan da ke hannu, matuƙar ana leƙa ramin kowace safiya.

Abin da kifin yake yi wa yaro

Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishi jariri. Daga wata 6 zuwa 23 kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun kasa abincin yaro gida 8, kuma ana so ya samu aƙalla 5 daga cikinsu a kowace rana. Nama da kifi gida ɗaya ne, kuma yana da wuyar samu a gidan da hatsi ne kaɗai a rumbu. Kifi yana gina jiki, yana ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, ƙanana kuma da ake dakawa da ƙashinsu suna ƙarfafa ƙashi da haƙori. Saboda haka kifin da ya mutu a rami ko zalɓe ya haɗiye, daga kunun yaro aka rage shi.

Me ya sa ruwa yake yin kore?

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, haka nan ba ya yin kore banza. Koren da kuke gani tarin ƙananan tsirai ne masu shawagi a ruwa, dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya iya rarrabe su ɗaya ɗaya. Abu biyu suke buƙata su yawaita: hasken rana da taki. Takin kuwa yana fitowa daga kashin dabbobin da aka zuba, da kashin kifin kansa, da dusar da ta rage ta ruɓe a ƙasa.

Kore daidai gwargwado alheri ne. Karfasa tana tace waɗannan tsirai ta ci, tana kuma cin ƴan mitsi-mitsin halittun da ke rayuwa a kansu, don haka mai rami yana rage sayen abinci. Koren yana kuma ɓoye kifi daga idon tsuntsu. Ruwa garai-garai wanda ake hango ƙasansa, ruwan yunwa ne ga karfasa.

Illar tana zuwa ne idan koren ya yi kauri. Da rana tsiran suna sakin iskar da kifi ke numfashi da ita. Da dare sai su daina saki, su koma suna shaƙar ta tare da kifin. Iskar tana raguwa har ta kai ƙarshen ƙarancinta da asuba. Wannan ne dalilin da ya sa ake kwana da kifi lafiya lau a wayi gari a tarar da su sun taso saman ruwa suna buɗe baki, ko ma sun juya ciki sama. Haɗarin ya fi girma a bazara, watannin Afrilu da Mayu, domin ruwa mai zafi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, sannan a ranakun hazo ko hadari da rana ba ta fito sosai ba. Wani lokaci tsiran kan mutu gaba ɗaya, ruwan ya koma ƙasa-ƙasa ko baƙi, yana wari. Ruɓewarsu tana cinye sauran iskar da ta rage.

Gwajin hannu

Ba a buƙatar na'ura kafin a san ko koren ya wuce kima. Da hantsi, ba tare da kun dama laka ba, ku tsoma hannu a ruwan har gwiwar hannu, ku lanƙwasa tafin ya dubi sama. Zurfin tafin a nan wajen santimita 25 zuwa 30 ne.

Idan kuna ganin tafin dishi-dishi, ruwan ya yi daidai, ku ci gaba da yadda kuke yi. Idan kuna ganinsa sarai har da zanen tafi, ruwan ba shi da abinci, ana iya ƙara ɗan taki. Idan kuwa tafin ya ɓace tun hannu bai kai rabi ba, koren ya yi yawa, sai a ɗauki mataki a ranar. Bayan gwajin a wanke hannu da sabulu.

Ku rarrabe kore da gurɓatar laka. Ku ɗebi ruwan a kwalba ku ajiye a inuwa. Idan laka ce za ta kwanta a ƙasa, kuma launinta ja ne ko ƙasa-ƙasa. Laka ba ta ciyar da kifi, tana ma tare hasken da tsiran ke buƙata.

Idan koren ya yi yawa

Abu na farko, a dakatar da taki. Ya fi kyau tun farko a riƙa sa shi cikin buhu a rataye a kusurwa ɗaya ta ramin, domin ranar da ake so a tsayar, sai a ciro buhun kawai. Na biyu, a hana kifin abinci kwana ɗaya ko biyu. Wannan ba ya cutar da shi, ragowar abincin ce ke kashe shi. Na uku, a fitar da kashi ɗaya cikin huɗu zuwa kashi ɗaya cikin uku na ruwan, a mayar da sabo daga rijiya. A zuba sabon daga sama yana fantsama, domin ruwan rijiya yana fitowa da ƙarancin iska, fantsamar ce ke sa masa ita. Ruwan da aka fitar kada a zubar: taki ne ga zogale, kuɓewa da kabeji. A zuba shi a gindin shuka, ban da kan ganyen da ake ci ɗanye irin su salati.

Idan kun tarar da karfasa a saman ruwa da asuba tana haki, kuma ba ta nutse ko da kun tafa hannu, kada ku jira rana ta fito. Ku riƙa ɗibar ruwan da bokiti kuna watsawa sama yana dawowa, ko ku kunna injin ban-ruwa yana feso sabo. Tarwaɗa ita tana iya shaƙar iskar sarari, don haka tasowarta ta koma ƙasa ɗabi'arta ce. Amma ruwanta yana saurin ɓaci, musamman a ramin siminti, sai a riƙa canza shi da zarar ya fara wari.

Rigakafin yana cikin awo. A ramin da ba shi da injin ba da iska, kada a wuce ƴaƴan karfasa 2 zuwa 3 a kowane fili mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi. A ba su dusar da za su cinye cikin minti 15, da hantsi da kuma la'asar, a wuri ɗaya kullum don a ga abin da ya rage. A lokacin ɗari, Disamba da Janairu, kifi yana rage ci, sai a rage masa.

Kada a zuba ruwan jabel, ko fiya-fiya, ko maganin ciyawa da nufin tsabtace ruwa. Suna kashe kifi, wanda ya tsira kuma cikin yaranku zai shiga.

Akwai wani kore da ya kamata a ji tsoronsa: wanda ke taruwa a saman ruwa kamar an zuba fenti, kore mai ratsin shuɗi, iska tana tura shi gefe guda. Irin wannan yana iya ɗauke da dafi, kuma tafasawa ba ta kashe dafin. A kwashe shi da tsohon zane a binne, a hana dabbobi sha, a dakatar da kamun kifi har ruwan ya gyaru. Kifin da aka tarar a mace, kowane ne dalilin mutuwarsa, a binne shi, kada a dafa.

Masu ɗauke kifi

Zalɓe da danginsa masu dogayen ƙafafu suna zuwa da sassafe da magariba, su tsaya a inda ruwa bai da zurfi. Idan bakin ramin ya kai zurfin santimita 50 zuwa 60, sun rasa matsaya. Ga tsuntsayen da ke faɗowa daga sama, a ɗaure zare ko siririyar igiya daga gefe zuwa gefe, tazarar kamu ɗaya tsakaninsu, ko a shimfiɗa tsohuwar ragar masunta a kan sanduna, sama da ruwan. Mutum-mutumi yana aiki na ƴan kwanaki ne kawai, sai an riƙa sauya masa wuri. A jefa tsofaffin tukwane ko guntayen bututu a ƙasan ramin, su zama maɓoyar kifi.

Kada a rufe rami da sange, wato gidan sauro. Maganin da aka sa a jikinsa guba ne mai ƙarfi ga kifi. Sange kuma na shimfiɗar uwa da yaro ne, zazzaɓin cizon sauro yana cikin abubuwan da ke jefa yaro cikin tamowa.

Guza da maciji ta ƙasa suke shigowa. Maganinsu shinge ne na waya mai ƙananan idanu, ko darni na kara mai matsi, a binne gindinsa kamar taƙi ɗaya a ƙasa, a kuma share ciyawar da ke kewaye don kada su samu wurin laɓewa. Kwaɗi suna cin ƴaƴan kifi, ƴaƴansu kuma suna raba abinci da su. Ƙwansu yana shawagi a gefen ruwa cikin yauƙi, da ɗigo-ɗigon baƙi. A kwashe shi kowace safiya a zubar a rana. Idan ruwan daga kogi ko tabki yake zuwa, a ɗaure raga mai laushi a bakin bututun don kada baƙon kifi ya shigo.

Wani maɓarnacin yana cikin ramin. Babbar tarwaɗa tana haɗiye ƙanwarta. A riƙa ware manya daga ƙanana kamar kowane mako biyu a farkon kiwo, kada kuma a saki ƴaƴan kifi a babban rami sai sun kai tsawon yatsa. Bayan an kwashe kifi, a zubar da ruwan, a bar ƙasan ramin ya sha rana har ya tsattsage kafin a sake cikawa.

Kada a sa guba a nama ko hatsi don kashe tsuntsu ko guza. Kaji, karnuka da yara ne suka fi saurin kaiwa gare ta.

Yara da ramin

Shingen da ke tare guza shi ne kuma ke tare yaro mai rarrafe ko tatata, idan ya kai tsawon mita ɗaya kuma yana da ƙofa da ake ɗaurewa. Yaro ƙarami yana iya nutsewa a ruwa kaɗan, cikin ɗan lokaci, ba tare da an ji kukansa ba. Ruwan ramin ba na sha ba ne, ba na wanka ba ne. Kada a bari kowa ya yi fitsari ko bayan gida kusa da shi, domin ta haka tsargiya ke shiga ruwa, ta girma a jikin ƙananan katantanwa, ta huda fatar mai shiga. A tsince katantanwar idan an gani. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa, a kai shi gidan likita.

Daga rami zuwa kwano

Karfasar da aka kula da ita tana isa ci cikin kamar wata 6. Ga yaro daga wata 6, a dafa kifin ya nuna sosai, a cire ƙaya da hannu mai tsabta, a murje tsokar a cikin kunu ko miya. Ƙananan kuma a wanke, a cire hanji, a shanya su bushe ƙayau nesa da ƙuda, a ɗan gasa, a daka, a tankaɗe da rariya mai laushi. A ajiye garin a kwalba mai murfi, a riƙa sa cokali ɗaya a kunun yaro yana kan wuta. Mai ciki da mai shayarwa su ma a ba su rabonsu. Kafin a kai kifi kasuwa, a fara cire na yara.

Ga masu faɗakarwa

Idan kun ziyarci garkar da ke da rami, ku je da sassafe. Ku yi gwajin hannu tare da masu ramin, ku bar su su maimaita da kansu. Ku duba shinge da ƙofarsa, ku duba ko an rufe ramin da sange, ku tambayi wanda ke leƙawa kowace asuba, domin ramin ƙungiya da ba a raba kwanakin tsaro ba yakan zama na kowa kuma ba na kowa ba. Idan kifi yana mutuwa kwana biyu a jere duk da an canza ruwa, ku sanar da ma'aikatan ruwa da gandun daji na gundumarku. A ziyarar kuma ku auna damtsen yara ƴan wata 6 zuwa 59: wanda ma'aunin ya nuna rawaya ko ja, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, a kai shi gidan likita a ranar, kada a jira kifin rami ya girma.