Ranar da Inji Ya Rage Murya a 'Yan Katako

Kafin ka ga ko falle ɗaya na katako a 'Yan Katako ta Na'ibawa, a gefen titin Zariya a Kano, ƙarar injuna ta riga ta tarye ka. A wata rumfa da ke can ciki, inda na saba kai aikin ƙofa da taga, injin fere katako ne ya fi kowa murya. Idan aka tura masa faffaɗan loko, sai magana ta koma ta hannu. Yaran shagon sun saba da karanta leɓen juna, har wani lokaci ladan ya kira azahar ba su ji ba, sai maƙwabci ya leƙo ya yafito su.

A cikin injin akwai wata gangar ƙarfe mai juyawa da gudu, an ɗaura mata dogayen wuƙaƙe uku, kowace tsawonta faɗin bakin injin. Duk juyi ɗaya, kowace wuƙa na sarar katakon gaba ɗaya, lokaci guda. Wannan duka ne ke haifar da ƙarar. Shi ne kuma ke ɓalle fuskar itatuwan da zarensu ya sarƙe, irin su maɗaci da loko, a bar yaro da sanfefa yana gugar ramuka har la'asar. Loko ma yakan ɓoye wani farin dutse a cikinsa. Ga yashin da hunturu ke zuba wa katakon da aka jibge a fili. Wuƙa ta ci karo da ɗayansu, ta yi giɓi, daga nan duk katakon da ya wuce sai ya fito da layi a bayansa kamar an ja masa zare.

Maigidan rumfar ya daɗe yana jin labarin wata ganga ta daban. Maimakon dogayen wuƙaƙe, ita ƙananan haƙora gare ta, gomomi, an jera su a murɗe kamar igiya. Kowane haƙori murabba'i ne da bai fi girman farcen babban yatsa ba, an yi shi da wani haɗin ƙarfe mai tsananin tauri da ake kira kabaid, kuma gefensa huɗu duk kaifi ne. Idan gefe ɗaya ya dakushe ko ƙusa ta fasa shi, sai a kwance notinsa, a juya shi, a ɗaure. Kamfanin Byrd na Amurka ya yi suna da irinta mai suna Shelix, masana'antun Sin da Taiwan kuma suna ƙera nasu masu sauƙin kuɗi. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, ko mai sauƙin ba ta sayuwa da kuɗin aljihu. Sai da ya ɗauki adashi sannan ya yi odarta.

Ranar sakawa ba a yi ciniki ba. Makanike ya cire bel, ya zare tsohuwar gangar, ya sa sababbin boris, ya yi ta awo don kada gefe ɗaya ya fi ɗaya ci. Da aka tayar da janareta aka tura maɗaci na farko, babban yaron shagon ya waiwayo ya ce, "Oga, anya yana ci kuwa?" Yana ci. Haƙoran ne ba sa sara tare, bi da bi suke yanka, a karkace, shi ya sa kukan ya koma gurnani, katakon kuma ya fito sumul. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Ogan ya ji tambayar daga inda yake tsaye, ya amsa da baki.

Ni a ganina ko don kunnuwan yaran nan kaɗai kuɗin bai tafi a banza ba. Na san tsofaffin kafintoci da sai ka ɗaga murya suke amsa sallama, kuma jin da ƙara ta cinye ba ya dawowa.

Sabuwar gangar tana da nata sharuɗɗa. Ba ta son a cika mata ci a tashi ɗaya, musamman a kan ƙaramin janareta. Idan za a juya haƙori, dole a share mazauninsa tas, don 'yar ƙwayar ƙura a ƙarƙashinsa kan sa ya tsage wajen ɗauri. Ɓawon da take zubarwa ƙanana ne, ya fi daɗin durawa a buhu, masu kiwon kaji na zuwa su kwashe.

Akwai kuma dattijon da ke wasa wuƙaƙen rumfar tun Ogan yana yaron shago. Shi ya koya masa yadda ake daidaita wuƙa uku su tsaya kai ɗaya, aikin da kan ci rabin safiya. Dutsensa ba ya cin kabaid. Ya zo ya duƙa, ya shafa haƙoran da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe bai ce komai ba. Ogan ya ce, "Baba, zarto da kurfi suna nan, ba mai taɓa su sai kai." Har yanzu yakan biyo duk Asabar, ya karɓi abin da ya samu, ya zauna a kan benci su yi hira injin na aiki.