Gandun Dajin Kamuku: Aikin Da Ke Jiran Kuɗin Tarayya

Wanda ya tashi daga Hayin Banki ya bi ta Mando ya kama hanyar Birnin Gwari, to, a ƙarshen tafiyarsa zai iske gandun namun daji na ƙasa guda ɗaya tak da Jihar Kaduna ke da shi, watau Kamuku. Girmansa ya kai murabba'in kilomita 1,120, yana kuma maƙwabtaka da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. An san shi da giwaye da gwanki da birai, ga Goron Dutse da kuma magangarar ruwa ta Dogon Ruwa.

Tun cikin 1936 Hukumar En'e ta keɓe wannan daji, amma sai a 1999 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga shi zuwa matsayin gandun ƙasa. Ma'anar wannan kuwa ita ce, albashin masu gadi da motocin sintiri da gyaran hanyoyi da masaukin baƙi duka sun koma wuyan Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa, wadda ke jiran rabonta daga kasafin kuɗin tarayya.

Kafin dajin ya zama wurin yawon buɗe ido sosai, ɓarayin shanu suka mai da shi mafaka. Wannan ne ya sa a 2015 gwamnonin Kaduna da Katsina da Zamfara da wasu maƙwabtansu suka haɗa kuɗi don sojoji su shiga su fatattake su. Daga bisani, a ƙarshen 2024, Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi sulhu da 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari.

To, sai dai wannan sauƙi ya zo a lokacin da aljihu ya yi zafi. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar farko ta mulkin sabuwar gwamnati a watan Mayu na 2023, darajar naira ta faɗi, kayan aiki suka yi tsada. Bugu da ƙari, a 2020 an amince da kafa sababbin gandaye goma, ciki har da Falgore ta Kano da Kogo ta Katsina. Masu neman rabo sun ƙaru ke nan a kan akushi ɗaya.

Wasu na ganin cewa a zamanin da abinci ke gagarar talaka, bai kamata a kashe kuɗi a kan namun dawa ba. Amma dajin da babu mai gadinsa ba ya zama fanko. Idan ma'aikata suka janye, 'yan bindiga da masu saran itace da masu ƙona gawayi ne ke maye gurbinsu, kuma manoman Birnin Gwari da matafiyan da ke bin wannan hanya su ne farkon masu ɗanɗana kuɗarsu.

Akwai darasi daga Yankari, wadda tarayya ta karɓa a 1991, aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006. Doka tana iya sauya sunan mai daji, amma ba ita ke sayen man sintiri ba. Saboda haka ya rage ga wakilan Kaduna a Majalisar Tarayya su tsaya a ware wa Kamuku kaso bayyananne, a fara da masu gadi da hanyoyi, sa'an nan a bi sawu a ga an saki kuɗin.