Kasuwar Ɗambatta da Kan Iyaka: Abubuwan da Ke Tauye Ciniki Tsakanin Nijeriya da Nijar

Garin Ɗambatta yana arewa da birnin Kano da kimanin mil arba'in, a kan hanyar da ta bi ta Kazaure da Daura, ta ƙetare iyaka a Kwangwalam, ta nufi Matamaye da Damagaram. Ƙasa ce mai yawan jama'a, gona na jingine da gona, babu dajin kiwo na a zo a gani. Duk da haka kasuwar garin, wadda ke ci ran Lahadi, ta yi suna wajen cinikin shanu da tumaki da awaki, kuma da yawa daga cikin dabbobin nan daga arewa ake koro su. Manomin Ɗambatta yana bukatar shanun huɗa da taki da ragon layya, makiyayin Damargu kuwa yana bukatar gero da dawa. Makasudin wannan takarda shi ne a bayyana abin da ke shiga tsakanin waɗannan mabukata biyu, alhali harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, kuma tafiyar wuni guda a mota ta isa ta haɗa su.

Tun kafin zuwan Turawa ayari yake bin wannan nahiya. Asbinawa kan kawo gishirin Bilma da dabino, fatake su ɗauko kanwa daga ƙasar Manga, su koma da hatsi da turkuɗin Kura. Wancan zamani ma yana da nasa wahalhalu, gama sarakuna suna karɓar fito, 'yan fashi suna tare hanya, ga kuma yaƙe-yaƙen Damagaram da Kano a ƙarshen ƙarni na 19. Sai dai madugu ya san wanda zai biya da abin da zai biya, kuma wurin da aka karɓa a Kano shi ake karɓa a Damagaram. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1890 da 1898 da 1904 da 1906 su suka shata iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,500. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar Nijar ta riƙa fita ta nan, har Faransawa suka yi ƙoƙarin juya ta zuwa Kwatano a shekarun 1950, don kada ribar jigila ta faɗa hannun Ingilishi. Tun daga nan kowace hukuma take duban cinikin maƙwabciyarta da idon hasara.

Cikas na farko shi ne bambancin kuɗi, kuma harshe kansa ya riƙe shaidarsa. An kafa sefa a 1945, naira kuwa ta gaji fam a 1973. Kalmar dala a Kano tana nufin sule biyu, a Damagaram kuwa tamma biyar ce, watau dala ashirin ita ce sefa ɗari. Haka nan jaka a Kano naira ɗari biyu ce, a Nijar kuwa jika sefa dubu ce. Kalma ɗaya, lissafi biyu. Dillalin da bai riƙe wannan ba ya shiga uku. Amma babbar matsala tana ga canji. Sefa a ɗaure take da kuɗin Faransa, daga baya da yuro, naira kuwa ta yi ta faɗuwa tun daga 1986. Da aka rage darajar sefa da rabi a Janairun 1994, dabbobin Nijar suka yi araha ga mai naira. Da aka saki naira a Yunin 2023 sai al'amari ya juye: mai sa daga Tanut, in ya sayar a Ɗambatta ya canza kuɗinsa, abin da ya rage a hannunsa bai kai na da ba, mai sefa kuwa ya sami hatsin Kano kamar kyauta. Ta haka farashin gero a ƙauye yake hawa da sauka bisa shawarar da aka yanke a wani wuri mai nisa, ba tare da damina ta canza ba.

Cikas na biyu shi ne takardu da shingaye. An kafa Hukumar Haɗin Gwiwar Nijeriya da Nijar a 1971, aka kafa ECOWAS a Legas a 1975, aka kuma amince da 'yancin zirga-zirgar jama'a a 1979. Bisa ƙa'idar ƙungiyar, dabbobi da amfanin gona na yankin ba su da harajin shigowa. A aikace kuwa falke yana fuskantar hukumomi biyu masu harsuna biyu: can duwan da jandarma da takarda cikin Faransanci, nan kwastan da 'yan sanda da takarda cikin Ingilishi, shi ko ba ya karanta ko ɗaya. A kowane shinge sai motar shanu ta tsaya, ga rana, ga dabbobi ba ruwa. Wanda kayansa ke ramewa a idonsa ba ya jayayya a kan ƙa'ida. Yakan miƙa na goro ya wuce, kuɗin kuma ya hau kan mai saye.

Cikas na uku, wanda ya fi sauran muni, shi ne rufe iyaka ba zato ba tsammani. Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Afrilun 1984 zuwa 1986, daidai lokacin fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan El Buhari. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 don hana shigo da shinkafa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, takunkumin ECOWAS ya rufe ta har zuwa Maris 2024. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, ta kuma hana fitar da dabbobi gab da babbar sallar 2025. Illar irin wannan ta wuce kwanakin rufewar, domin cinikin dabbobi a kan bashi da amana yake tafiya. Fatoma yakan sauke baƙonsa, ya tsaya masa, mahauci ya ɗauki sa sai kasuwa mai zuwa ya biya. In hanya ta toshe tsakanin Lahadi da Lahadi, bashi ya maƙale a wani gefe, mai shi a wani gefe, kuma amanar da aka gina cikin shekaru ta raunana.

Wajibi ne kuma a lura da cewa iyaka tana ciyar da wasu. Duk inda farashi ya bambanta a gefe biyu, akwai mai cin moriyar bambancin: ɗan canji, da ɗan fasa-ƙwauri, da mai babur da ya san hanyar daji, da ma'aikacin da ke tsaron shinge. Man fetur mai rangwame ya daɗe yana tsallakawa arewa kafin a janye rangwamen a 2023, shinkafar waje da gwanjo kuma suna gangarowa ta Maraɗi. Rufe iyaka ba ya kashe ciniki, yakan kore shi ne daga titi zuwa burtali, inda mai ƙarfin jari ke wucewa, ƙaramin falke ya kasa. Kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi.

A Fabrairun 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara ta bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Jirgi zai rage tsadar jigila, zai kuma rage yawan shingaye. Amma dogo ba ya daidaita naira da sefa, kuma umarnin da ya tsai da mota a Kwangwalam zai iya tsai da jirgi a Jibiya. Abin da falke ya fi bukata daga hukumomin biyu shi ne doka sananniya wadda ba ta canzawa dare ɗaya, yadda wanda ya ba da bashin sa a Ɗambatta ran Lahadi zai tabbata hanya na nan buɗe ran da zai dawo karɓar kuɗinsa.