Gafakar Zamani: Yadda Za Ka Ɗauki Kwamfutarka a Aljihu

A wannan fitowa muna so mu ja hankalin iyaye da matasa kan wata amana da muke sakaci da ita, wato takardunmu.

Kwanakin baya mun raka wani dattijo maniyyaci wani gidan intanet a Adjamé, irin wanda muke kira siber, don a aika kwafin fasfo ɗinsa. Da muka zauna gaban kwamfutar, sai muka tarar da takardun mutane birjik: katin ɗan ƙasa na wani, takardar haihuwar wata yarinya, hotunan bikin wani gida, har da akwatin wasiƙun wani ɗan kasuwa da ya tashi bai rufe ba. Ba wanda ya yi kutse. Masu su ne suka bar su da hannunsu. Alhali kowa ya san yadda 'yan damfarar intanet, waɗanda ake kira burutar, suke farautar irin waɗannan takardu. Ƙasar nan ta kafa doka mai lamba 2013-450 kan kare bayanan mutum a shekarar 2013, amma doka tana hukunta ɓarawo ne bayan ɓarna ta auku. Rigakafi kuwa ya fi magani.

To, mene ne rigakafin? Ga wanda ba shi da kwamfutar kansa, akwai dabara mai sauƙin kuɗi: ya zuba uwar manhaja, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya, a cikin filashi, wanda a nan muka fi sani da kile. In ya soka kilen a kwamfutar aro ya tayar da ita daga gare shi, to injin na mai shi ne, amma tsarin da ke aiki nasa ne. Da ya kashe ya zare, ba ya barin takardunsa a rumbun kwamfutar, matuƙar bai ajiye su can da gangan ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finlan, ya fara Linux a 1991, ana kuma raba shi kyauta. A shekarar 2000 wani Bajamushe, Klaus Knopper, ya fito da Knoppix, wanda ke tashi daga faifan CD ba tare da an girka shi ba. Sai dai irin wannan tsari kamar allon almajiri yake: duk abin da ka rubuta, da an kashe kwamfuta an wanke shi, domin a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake zaune. Daga baya aka samo hanyar ware wani ɓangare na kilen ya zama ɗakin ajiya. Nan ne wasiƙunka da hotunanka da duk gyaran da ka yi wa tsarin suke tabbata. Allo ya koma gafaka ke nan, ka rataya ta duk inda ka nufa.

Ga yadda ake haɗawa. Ka nemi kile mai giga 16 ko fiye, nau'in USB 3.0, don ya fi sauri. Ka sauko da Ubuntu ko Linux Mint daga shafinsu na asali. Sannan ka buɗe wata ƙaramar manhajar kyauta mai suna Rufus a kwamfutar da ke da Windows, ka zaɓi kilen, ka nuna yawan wurin da kake so a ware wa ajiya. A kula: wannan aiki yana shafe duk abin da ke cikin kilen, saboda haka a kwashe kaya tukuna. In an gama, sai ka kunna kwamfuta kana danna maɓallin zaɓen mafari, galibi F12 a Dell ko F9 a HP, ka zaɓi kilen. A cikin Linux Mint za ka sami Firefox na shiga intanet da LibreOffice na rubutu da lissafi. Ana iya sa shi ya yi Faransanci, a buga Larabci, har ma akwai tsarin maɓallan Hausa mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ.

Amfaninsa bai tsaya a siber ba. A gidajenmu na Treichville, inda kwamfuta ɗaya take hidimar mahaifi da 'ya'ya biyar, kowa zai iya riƙe kilensa: lissafin shagon baba ba zai cakuɗe da aikin makarantar yara ba. Haka kuma Microsoft ta daina kula da Windows 10 na gama-gari ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma da yawa daga kwamfutocin gwanjo ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Kafin magidanci ya jefar da tasa, sai ya gwada ta da kile ya gani.

Amma akwai nasiha guda huɗu. Ta farko, kile ƙaramin abu ne, yana faɗuwa a gbaka ko woro-woro, kuma ajiyar da Rufus ke yi ba ta da kwado. Wanda ya tsinta zai karanta kome. Mai takardun sirri ya nemi Tails, wanda ya fito a 2009, domin ɗakin ajiyarsa ba ya buɗuwa sai da kalmomin sirri. In ka manta su kuwa, ba mai buɗe maka. Ta biyu, kile yana tsufa da yawan rubutu, yana kuma lalacewa in an fizge shi kafin kwamfuta ta gama mutuwa. Lallai a riƙa ajiye kwafi a gida. Ta uku, in za ka saya, ko a Black Market na Adjamé ko a ina ne, ka sa a gwada girmansa a gabanka, domin akwai jabu a duniya, kuma araha ba ta ado. Ta huɗu, kwamfutar siber dukiyar wani ce. Kada ka tayar da ita daga kilenka sai da izinin mai ita. In ya ƙi, haƙƙinsa ne. Kada kuma a mai da kilen tsanin leƙa rumbun mutane. Wanda ke son a rufa masa asiri, shi ma ya rufa wa wasu.

Muna kira ga matasanmu da suka iya wannan aiki da su haɗa wa iyayenmu da 'yan kasuwarmu, su kuma zauna su koya musu da haƙuri. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.